Amsar tambayarka kan awa nawa saba ke ɗauka kafin ta dawo

Toh na ga saƙonka tun bayan asuba. Wai mai makarantar nan ya tambaye ka in sabar hayar da muka ɗora masa sakamakon ɗalibai, wato kwamfutar kamfani da shafinsa ke zaune a kai, ta faɗi awa nawa kafin ta dawo, kai kuma ka ce masa minti goma tunda akwai sinafshot, wato hoton duk abin da ke cikin saba da kamfanin hayar ke ɗauka ya ajiye, shi ne kake tambayata ko daidai ka faɗa. Ba daidai ka faɗa ba yaro, kuma yau ɗin nan ka kira shi ka janye maganar. Wa ya ba ka minti goman? Ka taɓa riƙe agogo ka gwada? Matsalarku ke nan yaran yanzu, kun ga maɓalli mai launi a shafin kamfani, kun kalli bidiyo biyu a YouTube, shikenan kun zama injiniyoyi, baki na gaba hannu na baya.

Wallahi da na karanta saƙon nan sai da raina ya ɓaci, don irin wannan maganar ce ta cinye min haƙƙin wata takwas da sunan da na yi shekaru ina ginawa. Lokacin ba ka zo shago ba. Akwai wani babban dillalin magunguna a nan Kano, shaguna uku gare shi, ni na ɗora masa manhajar lissafin kaya da ta bashi a sabar haya a waje. Tun ranar farko na zaunar da shi na ce Alhaji, hoton da kamfanin ke ɗauka kullum da dare a gidansu yake zaune, a ƙara ɗan kuɗi duk wata mu riƙa tura kwafi na biyu wani kamfanin daban. Ya kalle ni ya ce Malam ai kai da bakinka ka ce suna ɗaukar hoto kullum, to kuɗin me kuma? Na yi bayani har sau uku a zama daban-daban, ya ƙi, ni kuma don girmansa da furfurarsa na yi shiru, ban rubuta komai ba, ban sa shi ya sa hannu a komai ba.

Ana saura kwana shida sallah, cikin azumi, daren Alhamis, injin da sabarsa ke kai ya lalace. Da safe yaransa suka buɗe shago ba abin da ke buɗewa, ga mutane sun taho daga ƙauyuka sayen kaya, waya ta hana ni sakat. Na rubuta wa kamfanin, sai bayan awa tara suka amsa, wai ma'ajiyar ce ta lalace, kuma hotunan da suke ɗauka a kan ma'ajiyar nan ɗaya suke, sun tafi tare. Suka ba da haƙuri da hayar wata ɗaya kyauta. Iyakar abin da suka yi ke nan.

Abin da ya cece shi, ni a karan kaina, ba da kuɗinsa ba, nakan jawo kwafi in zuba a had disk ɗina in na samu sarari, kuma na ƙarshe ya kwana 19. Giga 80 ne saboda hotunan rasit da suke lodawa ba ji ba gani. Yanzu ka yi lissafi da kanka, giga 80 a layin da ke tura megabit 10 a daƙiƙa, kusan awa 18 ke nan in komai bai katse ba, kuma ka san garin nan, wuta ta ɗauke, netwok ya yanke sau biyu, da ba don da rsync nake turawa ba mai ci gaba daga inda ya tsaya, da sai in koma farko. A shago na kwana biyu a kan tabarma, janareta na ruri a bayan ƙofa, da kuɗina nake sayen fetur, sahur da biredi da ruwan leda, ido na kan baƙin allo ina kallon lamba tana rarrafe. Sai ranar Lahadi da la'asar shagunansa suka koma aiki, bayan na loda rumbun bayanai na gwada kowane shago ɗaya bayan ɗaya.

Ka san sakayyar da ya yi min? Bashin kwana 19 ya ɓace, yaransa suka koma tattaro rasit na takarda, wasu masu bashin suka ce su sam sun biya. Sai ya riƙe kuɗin kula na wata takwas da nake binsa, ya shiga kasuwa yana cewa ni na salwantar masa da bayanai, kwastomomi biyu suka bar ni a watan. Kuɗin ma da sauƙi. Abin da har yau ke ci min rai, a gaban dattawan da suka zauna sulhu, bakin nan da ya ce kuɗin me, shi ya rantse ban taɓa kawo masa maganar kwafi na biyu ba. Ni kuma ba takarda a hannuna. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba.

Saboda haka ka saurara. Tambayar mai makaranta biyu ce, ya haɗe su ne don bai sani ba, kai kuma ya kamata ka sani. Ta farko, aikin awa nawa zai iya jure ya ɓace, wadda ake kira RPO. In sau ɗaya kake kwafi a dare, to aikin yini guda na iya tafiya, kuma a makon shigar da maki yini guda ba wasa ba ne. Ta biyu, awa nawa zai zauna a rufe, RTO. Ita wannan ba maɓalli ɗaya ba ce, akwai lokacin da za ka ɗauka kafin ma ka san ta faɗi, da na jiran amsar kamfani, da tayar da sabuwar saba, da jawo kwafin, da loda rumbun bayanai wanda shi kaɗai yana iya cin awanni in ya yi girma, da juya DNS, wato tsarin da ke haɗa sunan shafi da adireshin saba, zuwa sabon adireshi, in ka bar TTL, tsawon lokacin da kwamfutoci ke riƙe adireshin da suka sani, a awa 24 wasu mutanen tsohon adireshi za su yi ta bugawa har gobe, sannan gwaji. Yadda ake saita cron da mysqldump, masu ɗaukar kwafin rumbun bayanai a kan lokaci, kuwa ba zan tsaya a kai ba, ko ɗan wata biyu a shago ya san wannan.

Kuma kada kashi 99.9 ɗin da kamfanonin haya suke rubutawa ya ruɗe ka. Ma'anarsa saba na iya zama a kashe wajen minti 43 a wata, kuma magana ce a kan injinsu na kunne, ba alkawarin dawo maka da bayananka ba ne, in sun saɓa ragin haya za su yi maka. Ka karanta yarjejeniyar, ku ba kwa karatu.

Kada ka ɗauka ƙananan kamfanoni kawai abin ke samu. Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta tashi a cibiyar OVH, babban kamfanin hayar saba, da ke Strasbourg a Faransa, ginin SBG2 ya ƙone ƙurmus, wani sashe na SBG1 ma ya tafi, kuma akwai mutanen da kwafinsu na ko-ta-kwana a harabar nan yake, suka wayi gari ba saba ba kwafi. GitLab kuma, kamfanin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu a wurinsa, ranar 31 ga Janairu 2017 ma'aikacinsu ya goge rumbun bayanai bisa kuskure, hanyoyin ajiya biyar gare su amma da aka zo dawowa ba wadda ta yi yadda aka zata, wani hoto da aka ɗauka kimanin awa 6 kafin nan ne ya fitar da su, kuma sun ɗauki wajen awa 18 suna dawowa, su da suke da injiniyoyi na gaske. Kai kuma minti goma. Sannan ka tuna 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku, su MainOne da WACS da SAT-3 da ACE, suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, saba tana lafiya a Turai amma mu nan kaiwa gare ta ya zama aiki. Shi ya sa nake cewa kwafi uku, a ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri daban, kuma ni nakan ƙara da ɗaya a nan gida inda hannuna zai kai.

Ranar Asabar ka yi hayar ƙaramar saba a wani kamfanin, ka ɗauka ta makarantar ta ƙone, kada ka taɓa sinafshot ɗinsu, ka dawo da komai daga kwafinmu na waje. Ka duba agogo lokacin da ka fara, ka duba lokacin da ka shiga da lambar ɗalibi ɗaya ka ga makinsa ya fito daidai. Abin da ka samu ka ninka biyu saboda wuta da netwok, shi za ka rubuta masa, tare da kuɗin kwafi na biyu, in ya ce ba ya so ya rubuta ba ya so ya sa hannu da kwanan wata, ko da sa'an kakanka ne. Ka kawo min takardar ranar Litinin in gani kafin ka kai masa. In za ka yi gwajin kada ka ɗauki baƙin had disk ɗin nan da ke durowar ƙasa, bayanan mutumin nan na ciki har yau, ban goge ba.