Sitiyarin motata yana yin tauri da safe lokacin hunturu, meye matsalar?

Wani bawan Allah daga Unguwar Rogo a Jos ya turo tambaya, ya ce Honda Accord ɗinsa ta 2005 tun da sanyi ya shigo in ya tada ta da asuba sitiyarin sai ya yi nauyi yana wani kuka kamar gurnani, amma da ya kai Terminus a tsakiyar gari komai ya koma daidai, bakanike kuma ya ce a canza famfon sitiyari gaba ɗaya.

Malam dan Allah kar ka yi saurin sayen famfo. Motarka irin mai amfani da mai ce, wato akwai famfo da bel ɗin inji ke juyawa, shi ke tura man sitiyari ta cikin tiyo zuwa rak, wato ƙarfen da ke haɗa sitiyari da tayoyin gaba, ya taimaka maka juya tayoyi. To man nan in ya ji sanyi kauri yake yi, kamar dai yadda manja ke yi a galan a watan Disamba, famfon kuma sai ya sha wahala kafin ya ja shi, kukan da kake ji kenan. Jos tana kan tsauni wajen mita 1,200, da dare cikin Disamba da Janairu sanyi kan sauka kusan digiri 10 ko ma ƙasa, wannan bai isa ya daskarar da mai mai kyau ba, amma ya isa ya tona asirin man da ya tsufa ya sha ƙura da roba da ta bushe. Ni a ganina sanyin namu ba shi ke ɓata sitiyari ba, abin da ya riga ya gaji ne yake fito da shi fili.

Abin da za ka yi da safe kafin ka tada mota, buɗe bonet ka duba ɗan tankin man, akwai layi biyu na sama da na ƙasa, ka tabbata man yana tsakaninsu. In man ya yi baƙi yana warin ƙuna a zubar a sa sabo. Sai ka tada injin ka sake leƙawa, in ka ga kumfa a sama to iska ce ke shiga, kuma a irin Accord ɗinka an san wata 'yar ƙaramar zoben roba a bakin famfon inda tiyo ke shiga, in ta bushe sanyi ya ƙanƙance ta sai iska ta riƙa sulalewa, da injin ya ɗumama ta kumbura kukan ya ɗauke. Abu ne ɗan ƙarami da za ka samu a kasuwar kayan mota ta Dilimi, gaskiya yana min ciwo in ga an sa mutum ya kashe kuɗin famfo a kan wannan. Kuma Honda man sitiyarinta daban ne, kar ka yarda a zuba maka man giya irin wanda tsofaffin Toyota ke sha, yana cinye mata sil, wato robobin da ke hana mai yoyo. In ƙarar kuma irin ta ƙiiii ce mai kaifi, bel ne ya saki ko ya tsage.

Ka bar motar ta yi minti biyu ko uku tana aiki, ka juya sitiyarin hagu da dama a hankali, kar ka danne shi a ƙarshe ka riƙe.

Wata Hajiya daga Rikkos kuma ta ce Corolla ɗinta ta 2010 ma tana yin nauyi da safe, har fitilar sitiyari na kamawa, ta nemi wajen zuba mai ba ta gani ba.

Hajiya ba za ki gani ba ai, taki ta lantarki ce, ƙaramin injin lantarki ne ke taimaka wa sitiyarin kuma daga batir yake shan wuta. Sanyi yana rage ƙarfin batir musamman wanda ya kwana biyu, in wuta ta yi ƙasa sai kwamfutar motar ta rage taimakon ko ta yanke shi. Ki je wajen rewaya ya auna batirin da cajin, ya goge kan batirin in ya yi farin gari, in fitilar ba ta mutu ba a sa mata kwamfuta a karanta. Ki duba iskar taya ma, tana raguwa da sanyi kuma taya mai laushi tana ƙara wa sitiyari nauyi.