Amsa: Shin fim ɗin The Raid ya cancanci kallo tare da ƙanne?

Malam, ka ce wani mai tura fina-finai a Ƙofar Ƙaura ya yaba maka fim ɗin, kana so ka san ko ya kai yadda ake zuzuta shi, kuma ko za ka kalla da ƙannenka.

Fim ne na Indonesiya da ya fito a 2011, Gareth Evans ya ba da umarni, Iko Uwais ya ja ragama a matsayin ɗan sanda cikin tawagar da ta kutsa wani bene a Jakarta domin kamo uban daba. Ƙarfinsa yana ga faɗan, domin wasu daga cikin jaruman sun iya silat, wato salon faɗan gargajiya na Indonesiya, tun kafin fim, shi ya sa kyamara take barin naushi ya sauka a gaban idonka ba tare da yawan yanke hoto ba. Wanda ya saba kallon dambe zai lura da yadda suke auna tazara kafin su kai hannu, musamman a karon da 'yan'uwa biyu suka taru a kan Mad Dog, na hannun daman uban daban.

Labarin kuwa siriri ne, yawancin 'yan sandan suna mutuwa kafin ka riƙe sunayensu, kuma duhun benen yana gajiyar da ido a ƙaramar waya.

Kada ka kalla da yara, jini da sara da adda sun yi yawa. Na taɓa ganin yaron maƙwabcinmu ya targaɗe wuyan hannu garin kwaikwayon irin wannan faɗa a tsakar gida. Idan ƙannenka suna sha'awar koyo, ka kai su wurin ƙwararren mai horar da karate ko taekwondo.