Yaushe Ya Kamata In Sauya Mai Riƙe Min Littafin Shago?

Tambaya: Ina da shagon sarin kayan masarufi a Kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi. Ɗan wana ne ke riƙe min littafi shekara shida ke nan. Yanzu lissafin wata ba ya fitowa sai an shiga tsakiyar wata na gaba, kuɗin POS kuma ba sa dacewa da abin da ya rubuta. Shin in sallame shi ne?

Amsa: Alhaji, kada ka yanke hukunci a kan zato. Jinkirin lissafi da rashin dacewar alƙaluma suna iya fitowa daga rashin iya aiki, ko aikin ya yi wa mutum ɗaya yawa, ko kuma hannu ya fara shiga aljihun shago. Kowanne da maganinsa, kuma gwajin wata guda ya isa ya nuna maka wanne ne.

Ka zaɓi watan da ya wuce. Ka je banki da kanka ka karɓo takardar shige da ficen asusunka, ka haɗa ta da takardun POS da littafin ciniki, a bi su rana-rana. Ƴan nairori da ke ɓacewa a kowace shiga galibi cajin POS ne, ba abin tada hankali ba ne. Abin dubawa shi ne ciniki da aka rubuta an biya ta tura kuɗi, amma kuɗin bai taɓa sauka a asusun shago ba.

Daga nan sai kaya. Ba sai ka ƙirga shago duka ba, ɗauki masu saurin tafiya kamar sukari, taliya da man gyaɗa. A ce wata ya kama da buhun sukari 40, an sauke 200, littafi ya nuna an sayar da 190. Ya kamata a tarar da 50 a sito. In 43 aka tarar, buhu bakwai suna neman bayani, kuma wanda ya san aikinsa zai kawo bayanin nan take da takarda a hannu.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne littafin bashi, kuma nan ne masu shago ba su cika leƙawa ba. Ana karɓar kuɗin da wani ya kawo biya a kashe, in wani ya biya nasa sai a toshe ramin farko da shi, a haka ake ta jujjuyawa har shekara. Ka kira mutum biyar daga cikin masu ɗaukar kaya bashi, ka tambayi kowa nawa ya san ana bin sa. In wani ya ce ya biya tun kafin sallah, littafi kuma yana nuna bashin nan daram, ko ya ce asusun yaron aka ba shi ya tura, to magana ta wuce kuskure. Haka ma mai riƙe littafin da ba ya yarda ya tafi hutu ko na kwana uku, ba ya kuma bari kowa ya taɓa littafin.

In gwajin ya nuna kuɗi da kaya sun cika, jinkiri ne kawai, to mai yiwuwa shago ne ya girme shi. Mutum ɗaya ba zai karɓi kuɗi, ya rubuta, ya kuma lura da sito ba. Raba aikin: mai karɓar kuɗi daban, mai rubutu daban. Ka ba shi wata uku, da sharaɗin lissafi ya iso gabanka kafin 7 ga kowane wata. Wannan na da muhimmanci in kana cire wa ma'aikata harajin albashi, domin ana miƙa shi ga hukumar haraji ta jiha zuwa 10 ga watan da ke biye. In wata ukun suka cika bai gyaru ba, sauya shi, a mayar da shi wani aikin da zai iya.

In kuwa amana ce ta taɓu, babu sauran jira. Amma kafin ka furta masa komai, ka karɓi littattafai da rasidai, ka canza lambobin sirri na POS da na manhajar banki, ka tabbatar saƙon shigar kuɗi yana zuwa wayarka ne. A ƙirga kaya gaban shaidu biyu, kowa ya sa hannu. Tun da ɗan wanka ne, ka zauna da mahaifinsa da takardun a gabanku, ba a bakin shago ba inda maƙwabta ke ji.

Idan sallamar ba ta laifi ba ce, dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba wanda ya kai shekara biyar a aiki sanarwar wata guda, ko a biya shi albashin watan a madadinta. Ka yi amfani da wannan watan ya miƙa wa sabon mutum aiki, a kuma fara sabon littafi daga 1 ga wata, da adadin kaya da basussukan da ku uku kuka tabbatar.