Rabin aji: wasa ne ko karatu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga wani ƙauye nake a ƙaramar hukumar Taura. 'Yata mai shekara huɗu tana bin yayyenta firamare, ana tara su a gindin darbejiya, wai rabin aji. Malaman sun ce mu iyaye mu mara musu baya a nemi aji na sosai. Maigidana ya ce wasa kawai suke, allo ya ishe ta. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Maigida bai yi ƙarya ba, wasa suke. Sai dai ɗan shekara huɗu da wasan yake koyo. Yarinyar da ke carafke ƙirga take yi, kuma yatsunta na ƙwari don riƙe fensir. Mai sauraron tatsuniya da kacici-kacici tana tara kalmomi, tana koyon jiran a gama magana kafin ta yi tata. Wanda ya shiga aji ɗaya babu wannan, sau da yawa sai ya kai aji uku yana kwafar allo bai san me yake rubutawa ba. Makarantar allo kuwa ba kishiyar rabin aji ba ce, kowanne da lokacinsa.

Malaman nan ba alfarma suke roƙo ba. Dokar UBE ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin bai-ɗaya, manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 kuma ta tanadi shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya, malami ɗaya ga yara 25. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, na samun kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓi tallafin.

Shawarata, kada ku fara da neman gini. Ku fara da malama. Abin da aka saba a karkara shi ne a miƙa rabin aji ga duk wanda ba shi da darasi a lokacin, ko a ce wata 'yar aji shida ta riƙe bulala ta tsare su. Wannan kiwo ne. Kwalejojin ilimi na ba da NCE a fannin ƙananan yara, mai irin wannan takardar za ku nema, in da hali 'yar yankinku, don baƙuwa ba ta cika daɗewa a ƙauye ba. Ƙwararriya ko a rumfa za ta koyar da yara da 'ya'yan tsamiya da karan dawa. Bayan ita sai ruwan sha, banɗaki da tabarmi.

Ku shigar da buƙatar ta kwamitin al'umma mai kula da makarantar, wato SBMC, akwai kujerar mata a ciki. A rubuta sunayen yaran da shekarunsu, dagaci ya sa hannu, a kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, a aika kwafi hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, a Dutse. Maigida kuma, ki lallaɓa shi ya shiga cikin masu kai takardar.