Amsa ga mai tambaya kan maganin ƙarin bitamin

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kasala da jiri sun dame ki, kina neman bitamin mai kyau a nan Katsina. Ni dai a ganina ki fara zuwa asibiti a auna jininki. Sau da yawa ƙarancin jini ne ke kawo wannan, kuma sinadarin ayan (wato sinadarin ƙarfe da jiki ke haɗa jini da shi) da ke cikin irin ƙwayar da ta haɗa komai bai cika isa ya gyara shi ba.

Wanda ke samun zogale, rama, wake, ƙwai da hanta a kai a kai ba lallai ya buƙaci ƙwaya ba. Mai ciki kuwa tana buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ta riƙa shan ayan miligiram 30 zuwa 60 da folik asid (wani nau'in bitamin) maikrogiram 400 kullum, su ne ake bayarwa wajen awo. Amma ta kiyayi mai yawan bitamin A, domin yana taruwa a hanta, yana iya cutar da ɗan tayi.

Wajen saye, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki saya a kemis mai rajista. Na masu talla da ke yini cikin ranar nan tamu, ki bar musu kayansu. Haka ma "sha ka fashe" da ake cusa wa mata da sunan bitamin, galibi ba bitamin ba ne.

Idan an ba ki ayan, kada ki kora da shayi, yana rage shigarsa jiki. Lemon zaƙi ya fi. In bayan gida ya yi baƙi, aikin maganin ne. Allah Ya ƙara sauƙi.