Ɗana Yana Ta Ƙiba, Ƙanwarsa Kuma Ba Ta Cin Abinci: Laifina Ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, ina zaune a Tudun Wada, Kaduna. Babban ɗana yana da shekara 9, kuma jikinsa ya yi nauyi har yara a makaranta suna tsokanarsa. Na hana shi alawa da lemon kwalba, amma sai in tarar ya saya a ɓoye da kuɗin tara. Kakarsa ta wajen uba, wadda muke gida ɗaya, tana cewa jinin gidansu ne, tunda mahaifinsa ma haka yake, kuma ƙiba alamar lafiya ce. Ƙanwarsa mai shekara 4 kuwa sai na bi ta da kwano, wani lokaci har da ɗura. Shin laifina ne, ko gado ne da ba ni da yadda zan yi da shi?

Wata uwa, daga Tudun Wada

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Hajiya, wato kakar yaran, tana da gaskiya a rabin maganarta, kuma ya kamata a ba ta wannan rabin. Gado yana da tasiri sosai a kan nauyin jiki. A shekarar 1986 an wallafa wani sanannen bincike da aka yi a ƙasar Denmark a kan mutane 540 waɗanda aka ba da su riƙo tun suna ƙanana, aka gano cewa nauyinsu bayan sun girma ya fi bin na iyayen da suka haife su a kan na waɗanda suka rene su. Saboda haka yaron da mahaifinsa yake da jiki ya fi saurin tara kitse a kan ɗan maƙwabta, ko da kwano ɗaya suke ci. To amma abin da ake gada shi ne sauƙin yin ƙiba, ba ƙibar kanta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 kashi 8 cikin 100 na yara masu shekara 5 zuwa 19 ne suke da nauyin da ya wuce kima, amma zuwa 2022 adadin ya kai kashi 20. Jinin mutane bai sauya a cikin shekara talatin ba. Abin da ya sauya shi ne abin da ake ci, da abin da ake sha, da yawan zama wuri ɗaya.

Sauran rabin maganar, wato cewa ƙiba alamar lafiya ce, yana da dalilinsa a wurin dattawanmu, domin sun taso a inda rama ce take kashe yara. Har yanzu ma ba mu fita daga wannan ba: ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, kuma a Arewa maso Yamma abin ya haura rabi. Wanda ya ga haka da idonsa ba zai ga laifin yaro mai kumatu ba. Sai dai yaron da ya shiga balaga da ƙiba yakan ɗore da ita, kuma ita ce take share wa ciwon suga da hawan jini hanya.

Inda nake ganin kin fi wahalar da kanki shi ne kina yaƙi a wurin da ba naki ba. Masana abincin yara sun daɗe suna raba aikin gida biyu: iyaye ne suke yanke abin da za a ci, da lokacin ci, da wurin ci, shi kuma yaro ya yanke yawan abin da cikinsa zai ɗauka daga abin da aka ajiye masa. A gidanki abin ya juye. Babban ana ƙayyade masa loma amma yana da kuɗin da zai sayi abin da ya ga dama a ƙofar makaranta, ƙaramar kuma ana tilasta mata loma, alhali wataƙila biskit da shayi mai madara sun riga sun cika mata ciki kafin a sauke tukunya. Bincike ya nuna cewa abin da aka hana yaro da tsawa, yana kuma ganinsa a gida, shi ya fi kwaɗayi, kuma abin da aka ɗura masa shi yake ƙi har girmansa. Ɗura tana da wani haɗarin ma, domin kunu yana iya bin hanyar numfashi ya shiga huhu, don haka ina roƙonki ki daina ta daga yau.

Ki fara da abin sha, domin nan ne sukari yake shiga ba tare da yaro ya ji ya ƙoshi ba. Kwalbar lemo ta santilita 35 tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 9, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son babban mutum ma ya tsaya a wajen cokali 6 a yini. Gwamnatin Tarayya ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021, amma naira 10 ba za ta hana yaro mai kuɗin tara saya ba. Kada kuma mu yaudari kanmu da cewa na gida ba shi da laifi, domin zoɓo da kunun zaƙi da ake ƙullawa a leda sau da yawa ba su gaza lemon kwalba zaƙi ba. Idan ke kika haɗa, ke kike riƙe da cokalin sukari, kuma idan kina rage shi kaɗan-kaɗan harshen yara yakan saba ba tare da sun lura ba. Maimakon kuɗin tara, ki sa masa dafaffen ƙwai, ko gyaɗa, ko alala, da ayaba ko gwaiba da gorar ruwa.

Ba sai kin nemi wani abincin Turawa ba. Fate mai yawan rama, kwaɗon zogale, dambu, wake da alayyafo, tuwo da miyar kuka ko ta kuɓewa, duk za ki samu kayan haɗinsu a kasuwar da ke kusa da ke, kuma sun fi taliyar leda da ake dafa wa yara safe da dare riƙe ciki. Abin lura shi ne a ƙara ganye da wake, a rage tulin shinkafa da man da ake malalawa a kai.

Sharaɗin da ya fi kowanne wuya shi ne sauyin ya shafi gida duka. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: idan maigida yana dawowa da tsire da lemo mai sanyi bayan sallar isha'i, ya ci yaro yana kallo, babu nasihar da za ta yi aiki. Kada a ware wa yaron kwano na daban, kada a kira shi da sunan tsokana ko da wasa, kada kuma a riƙa maganar jikinsa a gaban baƙi, domin abin da yake sha a makaranta ya ishe shi, kuma yaron da aka kunyata yakan koma ci a ɓoye. A shekarunsa ba a cika neman ya rame ba. Abin da likitoci suka fi nema shi ne nauyin ya tsaya, tsawo ya cim masa. Yana bukatar aƙalla minti 60 na wasan guje-guje a kullum da barcin awa 9 zuwa 12. Na san tsakanin boko da Islamiyya lokaci ya yi ƙaranci, amma ƙwallo a layi bayan la'asar, ko tafiya Islamiyya a ƙafa idan hanyar tana da aminci, sun wadatar, muddin waya da talabijin ba su cinye lokacin ba.

Ita kuma ƙaramar, ki sani cewa cin yara yakan ragu bayan shekara 2 saboda girmansu ya rage sauri. Ki zaunar da ita tare da kowa a lokacin cin abinci, ki zuba mata kaɗan, idan ta ƙi ki ɗauke ba faɗa, kuma kada ki maye gurbinsa da biskit. Sabon abinci yakan ɗauki gwaji goma ko fiye kafin yaro ya karɓe shi.

Game da Hajiya, kada ki tunkare ta da kanki da zancen cewa tana ɓata jika, domin kyautar alawa a wurinta ƙauna ce. Ki bar ɗanta ya yi mata bayani, ya roƙe ta ta mayar da tsarabar ta zama dabino kaɗan, ko lemon ɓawo, ko rake. Zai fi kyau ma a tafi da ita ranar da za a kai yaran awo, a asibitin Yusuf Dantsoho da ke unguwarku ko a Barau Dikko, inda za a auna tsawo da nauyi a gwada da shekarunsu, ta ji daga bakin likita. Kada a jinkirta zuwa idan babban yana yawan jin ƙishirwa da fitsari, ko yana minshari mai ƙarfi har numfashinsa yana yankewa, ko fatar wuyansa ta yi baƙi ta yi kauri, haka nan idan ƙaramar tana ramewa, ko tana yawan gudawa, ko tafin hannunta ya yi fari.