Na goge fayil a Ubuntu, apt ya ƙi aiki

Tambaya: Salam Malam, ina da ɗan shagon buga takardu nan Ƙofar Ƙaura cikin Katsina, Ubuntu (wani nau'in Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta) nake amfani da ita. Wuri ne ya cika mani sai na shiga jakar /var ina ta share-share, ashe na haɗa da /var/lib/dpkg/status ban sani ba. Kwamfutar na tashi lafiya lau amma duk abin da na ce apt (wanda ke sauko da manhajoji ya saka su) ya saka mani sai ya ƙi. Sai na yi fomat ne? Wallahi aikin mutane na ciki.

Amsa: Wa alaikassalam ɗan'uwa. Kar ka yi fomat tukuna, amma kafin komai kwashe aikin mutanen nan zuwa filash.

Wannan status ɗin littafin lissafin dpkg ne (dpkg shi ne wanda apt ke dogara da shi wajen saka manhajoji), nan yake rubuta duk manhajar da aka saka, to littafin ne ya ɓata, kayan na nan cikin kwamfutar, shi ya sa take tashi. Duba cikin /var/lib/dpkg ko akwai status-old, wato tsohon kwafin littafin, in akwai sai ka kwafe shi da sunan status, in kuma share-sharen naka ya cinye shi ma to leƙa /var/backups, kullum Ubuntu na ajiye kwafi can, dpkg.status.0 shi ne na baya-bayan nan, sauran masu .gz tsofaffi ne kuma a dunƙule suke sai an kwance su da gunzip. In na /var/backups za ka ɗauko, buɗe terminal (inda ake rubuta umarni) ka rubuta:

sudo cp /var/backups/dpkg.status.0 /var/lib/dpkg/status

Sai ka bi shi da sudo dpkg --configure -a, sannan sudo apt update. Abin da ka saka bayan an ɗauki kwafin ba zai fito a littafin ba, buɗe /var/log/dpkg.log ka ga sunayensu ka sake saka su.

Inda gizo ke saƙa shi ne in ka haɗa da jakar info da ke cikin /var/lib/dpkg, don can ne jerin fayilolin kowace manhaja yake. Gyaranta sai an sake sauke kusan komai da apt install --reinstall, ga tsadar data ga wuta da ba tabbas, gaskiya ni a nan gara in kwafe /home in sake saka Ubuntu sabuwa, ya fi sauri.

Wurin da kake nema kuwa sudo apt clean ne zai ba ka shi, /var/cache/apt/archives yake sharewa ba ya taɓa littafin.